Tururuwa a Cikin Ludayi

Ina durƙushe a saman bene, rana na dukan ƙeyata, ina bin gindin bango da tsinke ina neman tururuwa. Tsohuwa da ni, ga abayar aro ta surukata sai harɗe min ƙafa take yi. Mai gadin gidan, haris suke ce masa, wani siririn ɗan Yaman mai ɗaura zane, ya hau duba tankin ruwa ya tarar da ni a haka.

Ya ce, "Hajja, esh fi?" Wai me ya faru.

Na ce masa da Hausa, "Ba ruwanka, je ka abinka."

Bai tafi ba. Da na ga zai ɓata min lokaci sai na kwatanta masa da yatsu, abu ɗan ƙarami mai tafiya a ƙasa. Ya washe baki, ya bugi ƙirji, ya zaro gwangwanin feshin ƙwari daga aljihu ya nuna min. Wai shi ya gama da su kaf, jira yake in yaba masa. Na ce, "Allah ya shirye ka."

Sai can bayan tanki na samu ɗaya, kusa da ƙwallon dabino. Ba baƙar tururuwar garinmu ba ce mai ƙarfi, wata 'yar ja ce, tana tafiya kamar mai jin barci. Na ce ke ma kin isa. Na tura ta cikin gidan ashana na sauko.

Abin da ya kai ni Riyad jego ne. Ɗana na fari yana aikin haɗa magani a wani asibiti a can, matarsa za ta yi haihuwar fari, uwarta kuma ta rasu, sai ya aiko min da takardar ziyara. Shi ya ce a shekarun alif ɗari tara da tamanin ne, ni dai na san shekarar ciwon nan ce. Yanzu ƙanjamau ake cewa, a lokacin ko suna ba mu ba shi ba, "ciwon nan" kawai ake cewa a rage murya. An ce ya game duniya, an ce ba ya jin magani, an ce mutum bushewa yake yi a tsaye. Yadda ake ɗaukarsa kuwa, kowa da irin tasa.

Muna zaune a Dira, cikin tsohon gari, ba nisa da kasuwa, a hawa na biyu. Gida ba tsakar gida, ba murhu, ba inda za ka shanya zane sai ka hau sama. A kan gas nake tafasa ruwan wankan jego, ganyen darbejiya kuwa babu, busasshe na zo da shi a ƙulle. Ranar farko da na fyaɗa wa yarinyar ruwa sai da na ƙasa suka hau suna buga ƙofa, wai rufinsu na ɗiga.

Ƙofarmu na kallon ta wasu baƙi. Mijin ɗalibi ne, yana karatun addini, in ya yi Larabci sai ka ce huɗuba. Matar 'yar ƙarama ce, baƙa kamar mu, gashi kuwa har baya, tana goyon 'yarta mace da ta fara zama. A wajen shanya muka saba. Ni ba Larabci, ita ba Hausa, sai hannu da 'yan kalmomin da na tsinta. Tana ce min Hajja, ni ina ce mata 'yar tsibiri. In magana ta yi tsawo sai mu kira surukata, ita ta yi Islamiyya, tana ɗan tsinta.

Ranar da na tambaye ta garinsu, faranti ta ɗauko ta zuba ruwa, ta jera ƙwayoyin wake a ciki. Ta nuna ruwan ta ce bahar, wato teku. Ta nuna waken ta ce Maldif, ƙasarsu. Ta ɗora yatsa a kan ƙwaya ɗaya, nan uwarta take.

Na ce wa surukata, "Tambaye ta, ina suke noma?"

Ta ce ba sa noma, sai kwakwa da kifi.

"Shanu fa?"

Ta ce ba ta taɓa ganin saniya da rai ba sai a nan.

Na ce, "To wannan ai ba ƙasa ba ce, wurin shan iska ne."

Surukata ta ƙi fassarawa, amma 'yar tsibiri ta gane daga fuskata, ta yi ta dariya har tana riƙe ciki. Bayan shekaru da na shiga ajin yaƙi da jahilci na fara gane baƙi, an nuna min wurin a taswira. Kamar kashin ƙuda a jikin bango. Ashe ba ta yi ƙarya ba.

Duk abin da ya faru a ƙasar tasu a shekarar, a kunnena ya ƙare. Mijin yana da rediyo mai kama nesa, kuma in wani ɗan ƙasarsu ya zo yakan kawo musu kaset da uwarta ta yi magana a ciki. Sai ta kunna min, in zauna ina jin tsohuwa 'yar uwata tana zuba da yaren da ban sani ba, ana jin kaji da iska a bayanta. An sa wa jirgin ubanta inji, ya huta da jiran iska. Ƙanenta ya sauke Alƙur'ani. Jirgin shinkafa ya yi jinkiri, sun yi ta cin kifi da kwakwa har ya gundure su. An kawo talabijin babban garinsu. Turawa sun karɓi wani tsibiri kusa da nasu an gina musu masauki, suna zuwa su kwanta a rairayi ba kaya, 'yan ƙasa kuwa ba a barinsu su je sai masu aiki. Ta ba ni kifinsu busasshe, wallahi na ɗauka itace ne, sai da aka sa wuƙa aka kankare. Amma a miya ya fi daddawa.

Labarin Turawan nan ni na kai shi wurin suna. Ba da mugunta ba, hira ce. Matan 'yan Najeriya sun cika falo, na ce ku ji wata ƙasa. Sai matar wani injiniya da ke zaune a Ulaya, unguwar masu kuɗi, mai zoben zinariya a kowane yatsa, ta ajiye cokali.

Ta ce, "Hajiya, kuma kuke cin abincinta?"

Na ce, "Me ya faru?"

Ta ce, "Ai Turawan nan masu yawo tsirara su ke yaɗa ciwon nan. Duk inda suka sauka an gama. Ƙasa kamar tafin hannu, in mutum ɗaya ya kamu wa zai tsira? Ni dai ko ruwa ba zan sha a gidanta ba."

Wata ta ce haba, ai Musulmi ne. Matar injiniya ta ce ciwo ya san Musulmi? Aka yi dariya aka wuce. Ni ban wuce ba, maganar ta zauna min a ciki.

Bayan suna nonon surukata ya kumbura, duka biyun, ya yi ƙurji. Aka kai ta asibiti aka tsaga, aka ba ta magani mai ƙarfi, likita ya ce kada ta shayar. Aka sa wa jaririn madarar gwangwani. Namiji ne, mai gidana nake ce masa. Mai gidan nawa ya ce bai san zancen ba. In ya sha ya amayar, abin da ya zauna ya fita ta ƙasa. Aka canza gwangwani, aka sake canzawa. Yaron da aka haifa da kumatu ya koma kamar ɗan tsuntsu.

Ɗana da ɗalibin nan suka yi magana a hanyar masallaci, suka shirya matarsa ta riƙa shayar da shi tare da tata. Ɗana bai faɗa min ba, a bakin surukata na ji. Ba zai iya ba. Ɗan fari ne, ban taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa zama kusa da ni mun yi hira ba. In ina son abu sai in ce wa matarsa, "Faɗa wa wancan." In ya shigo ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ni, in amsa ina kallon wani wuri. Haka aka yi mana, haka muka yi. To ta ina zan dubi wannan in ce masa, kai da ka san magani, ciwon nan yana bin nono? Nono fa! Gara ƙasa ta tsage.

Sai na ce bari in yi abin da na sani. A garinmu ba a sa jariri a nonon da ba a gwada ba. A tatsa a ludayi, a jefa tururuwa. In ta yi iyo ta fito, nono lafiya lau. In ta mutu, mugun nono ne. Ni ma da na haifi wancan haka gwaggona ta yi min a gaban mata, ban ji haushi ba. Ba ni na ƙirƙiro ba. Shi ya sa kuka gan ni a saman bene da tsinke.

Na sauko na ɗauki yaron da ludayin duma da na zo da shi na dama kunun kanwa, na ƙwanƙwasa wa 'yar tsibiri. Ta buɗe da murna, ta riga ta yi wanka ta sa turare kamar mai jiran baƙo. Ta miƙo hannu za ta karɓe shi. Na ce, "Tsaya." Na miƙa mata ludayi, na kwatanta tatsa.

Ta ɗauka yaron ne ba ya iya kamawa, da ludayi za a ba shi. Ta ce, "Ɗayyib, Hajja," wato to. Ta juya baya ta tatsa, ta miƙo min da hannu biyu. Fari tas, da ɗuminsa.

Na buɗe gidan ashana na karkaɗe tururuwar a ciki.

Muka sunkuya mu biyu muna kallo. Ita tana murmushi, ta ɗauka wata addu'a ce ta mutanenmu. Tururuwar ta motsa ƙafa, ta juya, ta lanƙwashe. Na jira. Na hura mata iska. Ba ta sake motsi ba.

Na tashi na gyara riƙon yaron. Ta ce, "Hajja?" Na nuna ludayin na ce, "Mafi kwayyis." Ba kyau. Kalmar da nake faɗa wa mai tumatir ke nan in ya ba ni ruɓaɓɓe. Ta dubi ludayin, ta dubi ƙirjinta, ta dube ni. Ta ce, "Lesh?" Don me? Na fita na ja mata ƙofa.

Surukata tana kwance na ce mata, "Nonon yarinyar can ba kyau, na gwada."

Ta ce, "Inna, da me kika gwada?"

Na ce, "Da abin da aka gwada nawa."

Ta juya fuska bango, hawaye na zuba. Yarinya ce mai tarbiyya, ba za ta kai ƙarar uwar miji wurin miji ba. Shi kuma yana fita da sassafe, in ya dawo a gajiye ya ɗauka ana kai yaron can da rana. Ni kuwa na ci gaba da gwangwani, ina haɗawa da dabarata. In tauna dabino ya yi laushi in shafa masa a baki, in ɗiga masa ruwan zamzam. Maɗigarsa ta fara faɗawa. Kukansa ya koma kamar na mage. Ina ce masa, "Mai gida, haba, ka bar ni da zawarci tun yanzu?" Ko ido ba ya buɗewa sosai.

Ana cikin haka wata rana da hantsi na ji kuka ta bango. Ba na jariri ba, na babba. 'Yar tsibiri ce, tana kiran uwarta, wannan ko ba yare ka san shi. Rediyo na ta magana. Na miƙe har na kama hannun ƙofa, sai na tuna ludayi. Na koma na zauna. A garinmu ko maƙiyinka ya yi irin wannan kukan za ka fita ba ɗankwali. Ni ina zaune ina girgiza kwalbar madara.

Ranar Juma'a bayan masallaci ɗana ya shigo tare da ɗalibin. Suka zauna a falo, mu muna ɗaki, labule ne tsakani. Ɗalibin ya yi magana mai tsawo, murya ƙasa ƙasa, surukata tana ji tana faɗa min a hankali. Teku ta tashi ta shiga ƙasarsu. Ba ruwan sama, ba hadari, kawai ta taso ta hau kan gari, ta rushe katangu, ta shiga rijiyoyi ruwan sha ya koma gishiri. Yana ta zuwa gidan waya, layi ba ya shiga, ba su san halin da iyayenta suke ciki ba. Na tuna farantin nan da wake. Ai ko ɗan karkata shi ka yi, ruwa ya shanye su.

Sai surukata ta daina fassarawa. Na ce, "Me yake cewa?" Na zungure ta.

Ta ce, "Yana ba da haƙuri ne. Wai matarsa ta ce ya tambaya, in akwai laifin da ta yi wa Hajja a yafe mata. Kuma wai mene ne ma'anar tururuwa a wajenku, don tun ranar ba ta yarda ta ba 'yarta nono sai ya matsa mata. Tana tsoron kada ta kashe ta."

Ban san inda zan sa kaina ba. Na ja mayafi na rufe fuska, a ɗakin da ba kowa sai mu biyu.

Da baƙon ya tafi, ɗana ya zo bakin labule ya durƙusa. Bai shigo ba. Ina ganin yatsun ƙafarsa ta ƙasan labule.

Ya kira matarsa ya ce, "Ki tambayi Inna, me take tsoro?"

Na ce, "Faɗa masa ciwon nan. An ce Turawa sun kai musu."

Ya ce, "Ki faɗa wa Inna, duk wanda aka ba iƙama ta zama a ƙasar nan sai da aka ɗebi jininsa aka duba. Ni an duba ni, ke an duba ki, ɗalibin nan da matarsa an duba su. Ita a asibitinmu ma ta haihu, an sake dubawa."

Na ce, "To."

Ya yi gyaran murya. Ya ce, "Ki faɗa mata..." sai ya kasa. Ya tashi ya fita, na ji ƙarar ƙofa.

Na ce, "Me zai ce?"

Surukata ta ce, "Ba komai, Inna."

Na ce, "Ke, faɗa min."

Ta ce, "Masu takardar ziyara ne ba a dubawa. A duk benen nan ke kaɗai ce ba a ɗebi jininki ba." Ta sunkuyar da kai. "Kuma ke kike tauna masa dabino."

Lafiyata ƙalau, har yau da nake wannan rubutu. Amma a ranar ji na yi kamar an tuɓe ni a tsakiyar kasuwar Dira. Wai ni ce mai gwada mutane. Kuma ɗan da na yi shekara da shekaru ina kawar da kai in ya shigo, yau na sa shi ya durƙusa yana zancen nono da jinina ta bayan labule. Na so in ce ai tururuwa ba ta ƙarya. Sai ɗan Yaman ya faɗo min a rai, da gwangwaninsa, yana bugun ƙirji.

Na dubi yaron. Leɓensa ya bushe ya yi fari. Na ce ko za ta tofa min yawu sai na je.

Na saɓa shi a kafaɗa, kwalbar madarar tana hannuna don na manta ban ajiye ba. Na ƙwanƙwasa. Ta daɗe kafin ta buɗe. Idonta ya kumbura, gashi a warwatse, gaban rigarta ya jiƙe sharkaf da nono. 'Yarta na zaune a ƙasa tana kuka. Rediyo na ta shuuu a kan taga.

Duk gaisuwar jaje da na iya ta gudu. Na ce, "Sannu. Bahar. Ummi. Allah ya tsare." Na ɗaga hannu sama. Ban san yadda ake cewa na yi kuskure da Larabci ba, da Hausar ma ban saba ba.

Ba ta kalli yaron ba. Kwalbar ta kalla. Ta zare ta daga hannuna, ta buɗe, ta tsiyaya madarar a ɗan farantin shayi ta ajiye a kan tabarma. Ta shiga kicin, na ji tana motsa gwangwanin sukari. Ta fito da yatsa a miƙe, ga tururuwa a kai, lafiyayya, tana ta gudu. Ta karkaɗe ta a cikin madarar.

Ta ce, "Hajja, shufi." Duba.

Na durƙusa na duba. Ta yi ta harba ƙafa, ta kama hanyar baki, ta zame, ta sake, madarar ta rufe ta. Ta lanƙwashe kamar tawa.

'Yar tsibiri ta nuna farantin, ta kwaikwayi muryata sak, har da yadda nake taɓe baki. Ta ce, "Mafi kwayyis."

Na ce, "Na ji."

Ta sake cewa, "Mafi kwayyis, Hajja?"

Na ce, "Na ce na ji, 'yar nan."

Sai ta zauna ta miƙo hannu. Na ba ta shi. Da ta ji rashin nauyinsa ta ja numfashi ta faɗi wata kalma da yarensu, ta harare ni, harara ta gaske, irin wadda ba wanda ya yi min tun rasuwar gwaggona. Ta sa masa a baki, ya ƙi kamawa, kansa sai langaɓewa yake. Ta matsa ta ɗiga masa a leɓe. Shiru. Ta sake ɗigawa, tana shafa masa kunci da yatsa tana yi masa magana. Ni na kama salati, ban san ma a bayyane nake yi ba. Ya lasa. Ya motsa baki. Ya juya kai kamar mai neman wani abu da ya ɓata, sai ya cafke.

'Yarta ta rarrafo tana kuka tana jan rigarta, ita ma tana so. Ta nuna min ita da haɓa. Na ɗauke ta na goya da mayafina, na tsaya tsakiyar ɗaki ina jijjiga ta, ban san ko in zauna ko in fita ba. Ana jin haɗiyar mai gidana, ƙwat, ƙwat, har ta fi rediyon.

Ba ta ɗago ba ta nuna farantin da ƙafa, ta nuna kicin.

Na sunkuya da goyo na ɗauka, na je na wanke.